Direban Masu Ɗanɗano

Ƙarfe bakwai nake tayar da mota a Adum,
kujera sha huɗu, kwandon burodi, ruwa a kula.
Afrakoma na ƙirga kawuna, biro a bakinta,
ni ina ƙirga ramukan titi tun ban kai gare su ba.

Yau da likitoci biyu 'yan Takoradi,
da miji da mata da suka bar jaka a tsakaninsu,
da Baturiya mai ɗan littafi,
da wani dattijo mai malfa
da ya biya kuɗin mutum biyu, ya zo shi kaɗai.

Bayan Ejisu kwalta ke sallamarmu.
Jar ƙasa, gonar koko, gadar katako,
sai ga bishiyoyin kwakwa kwance a gefe
kamar shanun da suka ƙoshi.
Agya Boadu na durƙushe a wuyan ɗaya,
yana hura wuta ta bututun gora,
tulu a ƙasa yana karɓar ɗigo,
ƙudan zuma sun riga kowa biyan kuɗin shiga.

Ƙoƙo uku ake jerawa.
Na asuba, wai zaƙinsa bai san komai ba tukuna.
Na hantsi ya fara yin baki.
Na jiya kuwa, ko daga inda nake
yana yi wa hancina rashin kunya.
Afrakoma ta ce a shinshina kafin a kurɓa,
a bar shi ya zaga harshe.
Baturiya ta lumshe ido, ta rubuta layi huɗu.
Me ta gani a bammi da ya kai layi huɗu?

Ni Tanimu ɗan Aboabo,
shekara bakwai ina kawo masu ƙishi bakin tulu,
ɗigo bai taɓa harshena ba.
Butata na ƙarƙashin kujera,
na san inda gabas take a gonar nan
fiye da mai gonar.
Agya Boadu bai taɓa yi min tayi ba.
Sai ya tsinko koko nunanne, ya fasa da gindin adda,
ya ce, Kramo, ga naka tulun.
In tsotse farin 'ya'yan, in tofar masa da iri a kwano.

Azahar ta yi, turmi ya yi shiru.
Sakwara, miyar ganyen gwaza,
kifin Bosomtwe da aka gasa da barkono,
soyayyar ayaba mai citta.
Matar gida na da 'yar tukunya ta daban
wadda naman daji bai san cikinta ba,
sunana take amsawa.

Likita ɗaya ya ce, direba, wanne ya fi?
Na ce ni a madubi nake ɗanɗanawa.
Na asuba kan sa a rera waƙa har Oduom,
na hantsi kan sa a ba ni sidi ashirin babu dalili,
na jiya kan sa in tsaya sau biyu a bakin hanya.

Aka yi dariya. Dattijon bai yi ba.
Ya karɓi ƙoƙo na biyu da tikitinsa ya saya,
ya kai shi gindin kwakwar da ta fi tsufa,
ya ajiye a hankali, kada ya zube.
Ya ce, ita ta zaɓi ranar, tun watan Maris.

Da za mu koma ya nemi zama a gaba.
Na kwashe takarduna.
Bai ce komai ba, ban kunna rediyo ba.
A baya jakar nan ta sauka ƙasa,
kan matar na kafaɗar mijin.
Mun shiga cunkoson Anloga ana kiran magariba,
na miƙa masa ragowar kokona,
ya ɗauki ƙwaya biyu.