Lissafi a Bayan Takardar Kuɗin Wuta

Tanderun gilas na Marinha Grande ba ya barci.
Tun kafin a haife ni yake cin yashi, bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.
Shi ya sa aka kasa mu kashi-kashi,
wasu na kwanciya wasu na ɗaura takalmi,
kwalba dai kada ta daina faɗowa.

Ranar Talata Valdemar ya miƙo mini takarda,
ya ce, Graciete, zaɓi ɗaya kafin Juma'a.
Na zo gida na kifa takardar kuɗin wuta a tebur,
na feƙe fensirin 'yata da wuƙar yanka albasa.

Aikin safe, shida zuwa biyu:
yuro shida da santi arba'in kowace awa.
Sau takwas, hamsin da ɗaya da santi ashirin.
Shekara tara ina kansa,
na san shi yadda harshe ya san giɓi.

Aikin dare, goma zuwa shida:
yuro takwas cif.
Sittin da huɗu! Na ja masa layi biyu,
har na gyara zama kamar mai jiran baƙo.
Rarar sha biyu da tamanin a kowane dare.
Ga takalmin Benedita,
ga haƙorin da nake lallaɓawa da kanumfari,
ga rufin banɗaki da ke ɗiga tun sanyin bara.

Na uku kuma, Juma'a zuwa Lahadi, awa goma sha biyu a tsaye,
ki yi talatin da shida, a biya ki ta arba'in.
Na raba, na goge, na sake rabawa:
bakwai da santi sha ɗaya.
Kwana huɗu kina gida, in ji takarda.
Takarda ba ta ga Adelino ba lokacin da ya gwada,
kafin ya tattara ya tafi Faransa.
Litinin ɗinsa gawa, Talata jinya,
Laraba ya fara gane mu,
Alhamis yana wanke kayan aiki.
Kuma kwana huɗun nan yarinya tana makaranta.
Wa zan zauna wa? Firij?

Na koma kan dare, na fara ɗebewa.
Dona Ermelinda ta hawa na biyu
za ta kwana a kujerarmu, yuro goma,
ba ta ragi, na san ta tun a kasuwar kifi.
Kofi uku na inji, don kada ido ya rufe
kwalba mai tsaga ta wuce ni ta shiga bakin wani:
ɗaya da ashirin.
Fensir ya tsaya.
Saura yuro ɗaya da santi sittin.

Ɗaya da sittin, kuɗin dare sukutum.
A kansa zan sayar da kitson safe,
da faɗan da muke yi kan madara,
in riƙa barci rana tsaka da tawul a taga
maƙwabci na huda bango.
Na tuna idon Fausto, shekara sha huɗu a dare,
ja kamar bakin tanderu,
yana gaishe ka da barka da safe ƙarfe tara na yamma.

Amma ɗaya da sittin sau ashirin da biyu
ai kuɗi ne. Rufin ba ya ɗiga da wasa.

Benedita ta leƙo tana neman fensirinta.
Ta dubi lambobin, ta ce bakwai ɗina kamar ɗaya yake.

Juma'a na tafi da amsata a ninke cikin aljihu.
Valdemar bai ɗago kai ba.
Ya ce dare ya cika tun Laraba,
sai dai in rubuta suna, ko wani zai gaji.
Na rubuta a ƙarƙashin mutum shida.
Na sa safar hannu, na tsaya gaban fitila,
kwalabe na zuwa da ɗuminsu
ɗari biyu a minti.