Ƙarfe Biyu a Hull

Ubangiji, bari in fara da abin da ka riga ka sani:
ban juya Mista Pickering da ƙarfe biyu ba.
Na dai rubuta na juya shi.
Hannuna ne, birona ne,
ga sunana a ƙasa, Liyatu Dogara, ko harafi bai ɓace ba.
Barci ne ya sace ni a kujerar bakin hita,
sai huɗu da kwata na farka, wuya a karkace.

Da asuba, da nake yi masa wanka,
na ga jan tabo a ƙugunsa, faɗin kwabo.
Ya kira ni da sunan matarsa da ta rasu,
ya ce ya gode.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji mutanenmu.
Shi aka tuɓe, ni na ji tsiraici.

Yanzu ga ni a tashar bas ta titin Hessle.
Ruwan garin nan ba ya tsugewa, ba ya ɗaukewa.
Tsuntsayen teku na yagar takardar kifin da wani ya yar.

Na iya addu'a mai kyau, ka sani.
Ran Lahadi in aka miƙo mini makirufo
har Mama Keziya kan share ido.
Nakan wanke maganata, in goge, in fesa mata turare
kafin in kawo maka,
sai ka ce baƙo ne kai a falo,
alhali tun ɗazu kana madafi
kana duban tukunyar da ta kama.

To, tun da na buɗe ƙwaryar, ga ragowar:
ina tsoron manaja fiye da yadda nake tsoronka.
Takardar zamana a aljihun teburinta take.
Kuɗin makarantar Nuhu daga nan yake fita,
da maganin hawan jinin Baba a Wusasa,
wanda nake ce wa lafiya lau, lafiya lau,
har kalmar ta suɗe kamar tsohon silifa.
Kuma ina jin haushinka.
Na faɗa.
Shekara uku ina ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya,
ka bar ni da sanyi da aikin dare.

Sama ba ta tsage ba.
Wata mata ta matsa mini wuri a benci.

Ba mafarki nake roƙo ba, ba tsawa ba.
Ka tuna tocilar Kaka, mai raunin batir,
da muke bi zuwa addu'ar dare a damina?
Ba ta taɓa nuna mana majami'a ba,
iyakarta inda ƙafa za ta sauka.
Haka muke isa, da taɓo har idon sawu.

Irin wannan nake so, Yesu.
Taki ɗaya.
In faɗa mata da bakina, ko in jira tabon ya faɗa?
Kai, ko da nake tambayar na ji amsar,
tana zaune a ƙirjina kamar lomar tuwon da ta ƙi wucewa.
Ashe ba hanyar ce ta ɓace mini ba,
ƙafar ce ta yi nauyi.

An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.
Ban tabbata ba. Na ga waɗanda ta huda.
In za ta huda, ka tsaya kusa.

Ga bas ɗin gida ya iso, ya buɗe ƙofa.
Direba ya dube ni.
Na girgiza kai.

Manaja kan shigo ƙarfe takwas.
Saura minti ashirin,
kuma ban iya tsara yadda zan fara ba.