Allurai Uku

A Trollhättan, ranar Nuwamba aro ce,
ƙarfe uku na yamma mai ita ya karɓe abarsa.
Na kunna fitilar gareji, na ɗaga bonet.
Saab ɗin babana, ƙirar tamanin da shida,
ja ce a da,
yanzu launin bulon da ruwa ya daɗe yana duka.

Shekara talatin da ɗaya Sixten ya yi a masana'anta
yana ɗaura injin irin nata.
Da kunne yake auna mota:
ya karkata kai, ya lumshe ido,
ya ce bel ne, ko ya ce iska na zurara ta hagu,
a buɗe, a tarar haka ne.
Sai kunnen ya soma tafiya kaɗan-kaɗan,
kamar baƙon da ba ya son rakiya.
Fiton turbo ne ya fara ɓace masa,
siririn nan da ke tashi in an taka totur.
Bai gaya wa kowa ba.
Ya dai rataye makulli a ƙusa.

Shi ya sa na sayo su, uku a kwali:
ma'aunin iskar da turbo ke dannawa,
na ƙarfin baƙin mai, da na zafinsa.

"Majken," in ji shi daga bakin ƙofa, kofi a hannu,
"huda mini ita za ki yi?"
Na ce akwai kafa tuni, Baba, roba ce ta toshe ta.
Bai ji ba. Ko ya ji, ya ƙi.

Na yanka tiyon iska gida biyu,
na sa mahaɗi mai baki uku a tsakani,
na zura siririn tiyo ta kafar
da wayar rataye riga da na miƙar.
Sanyi ya mai da yatsuna itace.
Noti ɗaya ya suɓuce, ya faɗa cikin injin,
na ji ƙararsa sau biyu, ban ji ta uku ba,
har yau yana can.
Jar waya zuwa fis, baƙa zuwa jikin ƙarfe,
ta ukun kuwa na ɗaura inda ba wurinta ba.
Tas! Duk fitilun ciki suka mutu.

Sauri ya haifi nawa.
Ya ajiye kofi, ya laluba aljihun rigar sanyi,
ya miƙo mini sabon fis ba tare da ya dube ni ba.
Ashe tun safe yana aljihun.

Ƙarfe bakwai muka fita, hanyar Vänersborg,
kogi a gefe, baƙi ƙirin, bai daskare ba tukuna.
Fuskoki uku suna haske kore a gabansa.
Na bar mai ya ɗumama, allurarsa ta bar ƙasa,
na sa giya ta uku, na taka.
Allurar iska ta taso daga ƙarƙashin sifiri,
ta haura, ta haura,
ta tsaya a biyar tana kyarma.
Bakwai ya kamata ta taɓa.

Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa.
Ya shimfiɗa tafinsa a kan dashbod
kamar mai taɓa goshin yaro da dare.
"Tiyon ƙasa ne," in ji shi, "dab da maɗauri.
Tun bara nake jin sa a tafin ƙafa,
amma wa zai yarda da ƙafar kurma?"

Ya ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin da farce.
"Wannan yarinyar ba ta ƙarya.
Sake takawa in gani."

Na sake. Ya matso har numfashinsa ya rufe gilashin,
ya goge da hannun riga.
"Tsaya a gidan man can," in ji shi.
"Ni zan mai da mu gida."