Ƙidaya a Gefen Auyo

An ba ni alli, an ba ni takarda,
aka ce, Iro, kai ɗan gari ne, ƙirgo mana mutanenku.

Ƙauyenmu ba shi da wuyar kwatance.
Ka bar kwalta, ka bi turbar amalanke
har kogi ya tare ka, kwance cikin kacala.
Bayanmu jigawa ce mai cinye sawu,
gero daga nan har inda ido zai gaji.
Fadama kuwa ta shinkafa ce da sauro,
kowa da rabonsa.

Gida arba'in da bakwai.
A gidan Sale mai koma na sami tara,
ya ce in rubuta sha biyu.
Ukun suna Legas suna tura baro,
amma ai nan aka binne cibiyarsu.
Na rubuta sha biyu.

Gwaggo Tasalla tana ɓarar gyaɗa a bakin rumbu.
Shekaru? Ta ce tana goye a shekarar fara.
Harshe? Ban ko ɗaga kai ba, na sa Hausa.
Ta ce, tsaya, ɗan nan.
Kakata ba da Hausa take zagin akuya ba,
ba da Hausa take mafarki ba.
Auyakawa ne mu tun kogin nan yana yaro.

Na ce, Gwaggo, ba ni kalma ɗaya in rubuta.
Ta buɗe baki.
Ta rufe.
Ta ce, sunan ruwa ne,
ko bara yana nan a kan harshena.
Muka yi shiru muna jiransa
har kaza ta zo ta ɗauke gyaɗa biyu.

Da la'asar na biya ta kufai,
tudun nan mai kuka uku
inda garma ke tono tsingaro duk damina,
yara na wasan 'yar carafke da bakin tukunyar wata.
Su wa suka yi girki a nan?
Takarda ba ta bar musu layi ba.

Ɗari huɗu da sha biyu, haka na kai wa hukuma.
Suka buga hatimi, suka ce aiki ya yi kyau.

Lambar da na zana a ƙyauren Gwaggo
ruwan farko ne ya wanke ta.
Ya gangara da allin zuwa kogi,
shi da ba ya amsa tsohon sunansa
don ba sauran mai kira.