Kwalliyar Ƙeya

Ƙarfe biyun dare a Busan.
Deok-su ya aiko da sabon allon wasa,
ya ce in gwada, kada in yi masa kara.

Na kunna. Fari ya mare ni a ido.
Na ɗora ma'auni a kan gilashi:
ɗari huɗu aka rubuta a kwali,
ɗari uku da sittin ya nuna.
Sauran arba'in, a nemo su a bakin mai talla.

A bayansa an jera fitilu a zobe,
ja, kore, shuɗi, suna numfashi.
Bango ne ke shan kallo.
Ni da ke zaune a gaba
sai na leƙa kamar mai gulma
kafin in san an yi ado.

Na shiga kogon wasan. Baƙin bai cika baƙi ba,
toka-toka ne a kusurwar hagu.
Nan wani ya laɓe, ya harbe ni sau uku.

Ta taga, can cikin teku,
jiragen masunta sun kunna manyan fitilu,
kifi na tasowa da kansa.
Da wannan babana ya ciyar da mu shekara talatin.
Yakan ce inda ya fi ƙyalli, nan ƙugiya take.

Na rage hasken zuwa kashi ashirin,
idona ya daina ruwa.
Na rubuta wa Deok-su: allon kirki ne,
amma sai an sauke masa girman kai.

Na kashe zoben.
Bango bai ce uffan ba.