Gemun Auduga

Na fara tsufa ina ɗan shekara sha uku,
a filin firamaren Kiyawa.
Malam Tsalha ya jiƙa ƙaro,
ya manna mini gemun auduga,
ya ce, "Ranƙwafa, Ilu, ka yi tari."
Na yi tari. Gari ya kwashe da dariya.
Tun ranar ban sake riƙe fartanya da zuciya ɗaya ba.

Akori-kura ta kai mu Jahun, Gumel, Haɗeja,
muna wasa a hasken aci-balbal,
ladanmu tuwo da kuɗin komawa.
Sannan Kano ta kira, aka sa ni a akwatin talabijin.
Shekara goma sha tara ina alƙali duk daren Laraba,
rawani na aro, alkyabba ta aro,
har gyaran muryar ma ta kawuna ce na sato.

Da kaset ya zo sai suka fara kashe ni.
Na mutu sau ashirin da ɗaya, na ƙirga:
a mota, a gadon asibiti, sau ɗaya a bakin rijiya.
Kowane karo wani yaro mai juyayyar hula zai ce, "Ya yi!"
in tashi, in kaɗe riga, in nemi shayi.

Ranar da Hansai ta cika ina Jos wajen ɗauka.
Na iso an dawo daga maƙabarta.
Na tsaya a zaure ina jiran wani ya ce a sake.
Ni da nake zubar da hawaye a biya ni,
idona ya ƙafe kamar rijiyar bazara.

Yanzu na dawo gida.
Tumaki huɗu, tabarma, gindin darbejiya.
Jikana kan nuna mini kaina a waya,
ina daka tsawa, baki cike da haƙora.

Jiya Nomau da Barau suka zo da rigimar iyakar gona,
suka durƙusa: "Allah gafarta alƙali."
Na ce musu wasa ne fa.
Suka ce sun sani,
amma dai a duba.

Babu takarda, babu mai raɗa mini abin faɗa.
Na shafa gemu don in sami lokaci,
na ɗan ja shi, yadda na saba in an tashi wasa.
Bai fita ba.
Na laluba sandata,
na ce, "Mu je mu ga gonar."