Lamba Bakwai

Da sassafe Baba Davou ya kira ni,
murya kamar wanda aka yi wa rasuwa:
"Tanimu, Lamba Bakwai ta ƙi tashi."

Na bar Dilimi da jakar sifana,
na shiga Rayfield ta ƙofar ma'aikata,
raɓa kwance a kan ciyawa
abinta, ita ba a tambayarta katin shiga.

Ga ta can gindin bishiyar turare,
'yar motar filin ƙwallon lambu,
fara ce a da, yanzu ruwan toka.
Manya sun daina hawanta tuntuni.
Taki take ɗauka, da tiyo, da Davou.

Kafin in durƙusa hanci ya ba ni labari:
ƙaurin tagullar da ta dahu cikin rigarta.

Na cire agogo. Na cire zobe.
Batir shida a jere ba su san wasa ba,
maigidana sai da ya ba da yatsa ya yarda.
Na kwance baƙar waya tukuna,
sauran huɗun na ɗaura musu tsumma,
ja, shuɗi, ɗorawa, da gefen hankicina,
don kowacce ta gane gidanta in an dawo.

Noti biyu suka fita salin-alin.
Na ukun ya ƙulla amana da tsatsa,
shekara sha ɗaya ba wanda ya taɓa shi,
sai da kananzir, da lallami, da zagi kaɗan.

Tsohon injin ya sauko kan ƙirjina
da nauyin da ya fi ƙarfin girmansa.
Davou ya karɓa da hannu biyu.
Bai ajiye shi a ƙasa ba, buhu ya shimfiɗa.

Sabon ya fito daga kwali yana ƙyalli,
da takardar da ba mai iya karantawa cikinmu.
Na ƙirga haƙoransa, sha tara.
Na ƙirga na sandar taya, sha tara.
Alhamdu lillahi.
Na shafa giris, na juya, na ƙara juyawa,
har ya zauna daram, kamar can aka haife shi.

Davou ya hau, ya gyara hularsa ta sanyi,
ya dubi tudun rami na tara,
ya taka.

Sai ga Lamba Bakwai tana baya,
baya, baya, shiru ba ko tari,
ta nufi tsohon tafkin kuza da tsoho a kai
yana kiran sunana da na uwata.

Ja da ɗorawa na musanya.
Ba zan ɗora wa kwali laifi ba.
Minti biyar na gyara, kunya ta fi haka daɗewa.

Karo na biyu ya ce in hau gefensa.
Shekara takwas ina shigowa filin nan
ban taɓa ganinsa ba sai ta ƙarƙashin mota.
Muka haye tudu, duwatsu suka buɗe,
hadari na haɗowa ta wajen Bukuru.

Ya bugi gwiwarsa ta hagu, ya ce,
"Wannan fa, haƙoranta nawa ne?
Ka tambayo min a Dilimi."

Na ce ya bar min tsohon injin,
tagullarsa za ta yi kuɗin mota.
Ya yi kamar iska ta ɗauke maganar.
Da muka sauko, na ga buhun a ɗaure,
an tura shi can ƙarƙashin kujera.